Rukunin Kudu maso Gabas a gasar hokin ƙanƙara ta NHL: shekara 15 ana raina shi, ya ci kofi biyu

Wanda ya buɗe teburin gasar hokin ƙanƙara ta NHL a kakar 2011 zuwa 2012 zai ga abin ɗaure kai. A ƙarƙashin rukunin da ake kira Kudu maso Gabas, tare da ƙungiyoyin jihar Florida inda ake yawo da riga shara-shara a watan Janairu, ga sunan Winnipeg Jets. Winnipeg kuwa birni ne a tsakiyar Kanada, ɗaya daga cikin manyan biranen da suka fi sanyi a nahiyar. Ba kudu yake ba, ba kuma gabas ba. Tsakaninsa da filin wasan Florida Panthers akwai kusan kilomita 3,000, kamar dai daga Kano zuwa Alƙahira, amma a takarda maƙwabta ne, sau da yawa a shekara sai sun kai wa juna ziyara. Yadda aka yi abin ya kai ga haka shi ne tarihin wannan rukuni gaba ɗaya, daga kafa shi a 1998 har rushe shi a 2013.

Da yake wasan ba namu ba ne, bari a fara da bayani kaɗan. Ana yin sa a kan daskararriyar ƙanƙara, 'yan wasa na sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi, suna tura wani ɗan faifan baƙar roba da sanda mai lanƙwasa. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga, ana kuma yin zango uku na minti 20-20. NHL ita ce babbar gasar duniya a wannan wasa, ta haɗa Amurka da Kanada, kuma a zamanin wannan rukuni kowace ƙungiya na buga wasa 82 a kaka kafin a shiga zagayen neman Kofin Stanley, inda ake karawa har sai ɗaya ta ci huɗu cikin bakwai. Abu biyu ne mai kallon ƙwallon Turai ya kamata ya riƙe. Na farko, babu faɗawa ƙaramar gasa, ko ƙungiya ta zo ta kashin baya tana nan daram. Na biyu, ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke da babbar damar fara zaɓe a cikin matasan 'yan wasan da ke tasowa a shekarar. Ƙungiya kuma dukiyar mai ita ce, in sauran masu ƙungiyoyi suka yarda zai iya kwashe ta ya kai wani gari.

Asalin maganar ya koma ranar 9 ga Agustan 1988, ranar da Edmonton ta sayar da Wayne Gretzky ga Los Angeles Kings. Gretzky shi ne gwanin gwanayen wasan, zuwansa Kalifoniya kuma ya cika fili a garin da ba ya ganin ƙanƙara. Masu gasar suka ga haka, suka ce ashe abin zai yiwu. Lissafinsu mai sauƙi ne: manyan kuɗin wasanni a Amurka a talabijin suke, gidan talabijin na ƙasa kuma ba zai biya kuɗi mai tsoka a kan wasan da 'yan arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna kaɗai ke kallo ba. Dole a shimfiɗa wasan ya kai kudu, inda jama'a ke ta ƙaura, birane na ta bunƙasa. San Jose ta shigo a 1991, Tampa Bay a 1992, Florida da Anaheim a 1993. A watan Fabrairun 1993 aka ɗauko Gary Bettman daga gasar ƙwallon kwando ta NBA aka ba shi shugabancin NHL, shi kuwa ya ƙara wa shirin mai. A shekarar ce aka soke tsofaffin sunayen rukunai, Adams da Patrick da Norris da Smythe, sunayen dattawan da suka gina wasan, aka maye su da sunayen shiyyoyi domin sabon mai kallo ya gane.

Sai ƙaura ta biyo baya. Minnesota North Stars ta koma Dallas a 1993, Quebec Nordiques ta koma Denver a 1995, tsohuwar Winnipeg Jets ta koma Phoenix a 1996, Hartford Whalers ta koma jihar North Carolina a 1997. Ƙananan biranen Kanada sun fi jin jiki, domin suna karɓar kuɗin tikiti da dalar Kanada wadda ke ta faɗuwa, suna biyan albashi da dalar Amurka. Wannan ciwo ya kamata a riƙe a rai, don shi ya sa da yawa daga masoya wasan a arewa suka ƙi jinin ƙungiyoyin kudu tun kafin su buga wasa ko ɗaya. A ganinsu an ƙwace abin gado daga hannun masu sonsa an miƙa wa waɗanda ba su nema ba. Ban ga laifinsu a jin haka ba.

A 1998, da Nashville ta shigo kuma ana jiran wasu uku, aka sake fasalin gasar zuwa rukuni shida, uku a ɓangaren gabas, uku a yamma. Nan aka haifi Kudu maso Gabas da ƙungiya huɗu: Carolina Hurricanes, Florida Panthers, Tampa Bay Lightning da Washington Capitals. A 1999 Atlanta Thrashers ta cike ta biyar. Dubi wannan taro da kyau. Biyu ba su wuce shekara biyar ko shida da haihuwa ba. Ɗaya baƙuwa ce da ba ta da gida tukuna. Ɗaya ko takalmi ba ta saya ba. Washington kaɗai ce mai ɗan tarihi, tun 1974 take, kuma a watan Yunin 1998 ɗin ta buga wasan ƙarshe da Detroit. Ita ce ma ta fi kowa asara da sabon tsarin, domin an raba ta da abokan hamayyarta na gargajiya irin su Philadelphia da New York Rangers, waɗanda zuwansu ke cika fili, aka haɗa ta da ƙungiyoyin da ba ta da tsohuwar jiƙaƙƙa da su. Hamayya kuwa ba a ƙirƙirarta da alƙalami a ofis.

Halin da Carolina ta shiga a farko ya isa ya nuna yadda aka yi gaggawa. An kwaso ƙungiyar daga Hartford tun kafin a gama gina filinta a Raleigh, don haka shekara biyu tana wasa a Greensboro, tafiyar kusan kilomita 130 daga garin da ake cewa nata ne. Mutanen Raleigh suka ga nisa, mutanen Greensboro suka ga ba tasu ba ce, ba da daɗewa za ta bar su. Kujeru suka yi fayau, har aka riƙa rataya baƙin labule a benen sama don a rufe wuraren da babu kowa. Hotunan wannan fili sun zagaya jaridun arewa, kuma daga su ne aka yanke wa rukunin hukunci tun da wuri.

Sai dai abin da ya fi zubar wa rukunin da mutunci doka ce ta gasar. Ƙungiya takwas ke tsallakewa daga kowane ɓangare, amma zakarun rukunai uku su ake ba matsayi na ɗaya zuwa na uku ko da makinsu bai kai na wasu ba. Matsayin kuma ba ado ba ne, shi ke ba ƙungiya damar fara wasa a gida da buga wasa na bakwai a gida. A kakar farko Carolina ta ɗauki rukunin da maki 86, aka ba ta matsayi na uku. Pittsburgh da ta zo ta takwas, ta ƙarshe cikin masu tsallakewa, tana da 90. Ke nan duk ƙungiyoyi bakwai da suka shiga tare da Carolina sun fi ta maki, amma biyar daga cikinsu suna ƙasa da ita a jeri. Boston ta fitar da ita a zagayen farko. Irin haka ya sake faruwa a 2012, lokacin da Florida ta zama zakara da maki 94, alhali ƙwallayen da aka zura mata a kakar sun fi waɗanda ta zura, ta kuma tara maki 18 daga wasannin da ta faɗi bayan ƙarin lokaci. New Jersey mai maki 102 ce ta zo mata baƙunta a matsayin ta shida, ta kuma fitar da ita a wasa na bakwai.

In ana neman hujja guda a kan raunin rukunin, ga ta: cikin kakanni 14 da aka buga, ko sau ɗaya bai taɓa tura ƙungiya uku zagayen neman kofi ba. Sau takwas ya tura biyu, sau shida zakaransa kaɗai ya tsallake. Gurbi takwas ake rabawa tsakanin rukuni uku, don haka kason da ya rasa sauran biyun ne ke kwashewa. Ga kuma batun jadawali. Daga 2005 zuwa 2008 kowace ƙungiya na karawa da kowace maƙwabciyarta sau takwas, wato wasa 32 cikin 82, daga baya aka rage zuwa sau shida. Duk ƙungiyar da ta yi ƙarfi a Kudu maso Gabas sai a ce ai a kan raunana take tara maki. Zargin na da ƙamshin gaskiya, kuma 'yan jaridar arewa ba su gaji da maimaita shi ba.

To amma akwai abin da wannan labari ba ya iya bayyanawa. A tsawon rayuwar rukunin, ƙungiyoyinsa sun je wasan ƙarshe sau uku, sun ɗauki kofi sau biyu. Rukunin Arewa maso Gabas, wanda ya tattara Montreal da Toronto da Boston da Ottawa da Buffalo, wato cibiyar wasan ke nan, kofi ɗaya ya ci a wannan lokaci, na Boston a 2011.

Carolina ce ta fara. A 2002, da maki 91 kacal, ƙarƙashin koci Paul Maurice, ta fitar da New Jersey da Montreal da Toronto, kafin Detroit ta tsayar da ita a wasa biyar. A wannan bazara ce Raleigh ta samo hanyarta ta son wasan. Yankin na masu bin wasannin jami'o'i ne, kuma al'adarsu ita ce a zo filin ajiye motoci tun sa'o'i kafin wasa, a kafa rumfa, a hura gawayi, a gasa nama, a ci a sha da maƙwabta, sannan a shiga. Suka kawo wannan al'ada ga hoki. A waje ana zufa a gefen murhu a watan Yuni, a ciki injuna na ta fama. Ƙanƙarar filin ba daga sama take zuwa ba: bututu ne shimfiɗe a cikin siminti, ana zagaya ruwan sanyi mai haɗi a cikinsu, ana fesa ruwa a kai ya daskare kashi-kashi. Babban abokin gabarta a kudu shi ne laimar iska, wadda ke sa ta yi laushi faifan ya riƙa tsalle, shi ya sa ake ƙara injunan tsotse laima idan wasa ya kai bazara. Wannan matsala ce ta injiniya, kuma an shawo kanta.

Tampa Bay ta ɗauki kofi a 2004. Ƙungiya ce da ta fara rayuwa a wani zauren baje koli, ta koma filin da aka gina don wani wasa daban, ta yi shekaru tana cikin mafi rauni a gasar. Rauninta ya ba ta damar zaɓen Vincent Lecavalier a 1998, ta samu Brad Richards a shekarar, ta kuma ɗauki Martin St. Louis, ɗan gajeren mutum da ba wanda ya zaɓa kuma Calgary ta sallame shi. A kakar 2003 zuwa 2004 St. Louis ne ya fi kowane ɗan wasa maki a gasar, wato jimillar ƙwallayen da ya zura da waɗanda ya taimaka aka zura, aka ba shi kyautar gwarzon shekara. Koci John Tortorella ya ɗora su a kan kai hari ba kakkautawa a zamanin da kowa ke tsare gida. A wasan ƙarshe suka haɗu da Calgary Flames, wadda kyaftin ɗinta Jarome Iginla ɗa ne ga wani mutumin Nijeriya da ya yi ƙaura zuwa Kanada. Aka kai wasa na bakwai, Ruslan Fedotenko ya zura biyu, Tampa ta ci 2 da 1.

Abin takaici, ba ta samu damar cin moriyar nasarar ba. Masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa suka yi taƙaddama a kan albashi, aka rufe filaye, kakar 2004 zuwa 2005 ta tafi gaba ɗaya ba a buga ko wasa ɗaya ba. Garin da ya fara son wasan aka bar shi shekara guda ba abin kallo. Da aka dawo, an dawo da iyakar albashi ta dala miliyan 39 ga kowace ƙungiya, da tsarin da masu ƙarfi ke tallafa wa marasa ƙarfi daga kuɗin shiga. An yi wannan ne a babban ɓangare don ceton ƙananan kasuwanni irin na kudu, amma farkon wanda ya ji zafinsa har da Tampa, domin ta kasa riƙe mai tsaron ragarta Nikolai Khabibulin, ya tafi Chicago.

Carolina kuwa ta karanci sababbin dokokin da suka hana riƙe-riƙe suka ba masu gudu dama. A 2006, da koci Peter Laviolette, kyaftin Rod Brind'Amour, matashi Eric Staal wanda ya tara maki 100, da sabon mai tsaron raga Cam Ward ɗan shekara 22, ta doke Edmonton 3 da 1 a wasa na bakwai. Kofi biyu a jere ke nan ga rukunin, duka biyun kuma a hannun ƙungiyoyin Kanada aka ƙwace su. Kanada ba ta ga kofin ba tun da Montreal ta ci a 1993, don haka ana iya fahimtar yadda abin ya yi ɗaci. Amma Carolina ta kasa tsallakewa a shekaru biyu da suka biyo baya. Wannan shi ne halin rukunin: yau a kan tsauni, gobe a rami, babu tsaka-tsaki mai ɗorewa.

Washington ce ta fi kowa cin rukunin, sau bakwai, amma labarinta na ban tausayi ne. Ted Leonsis ya sayi ƙungiyar a 1999, ya kawo Jaromir Jagr a 2001 da kwantiragi mai tsada, abin bai yi ba. A 2004 ya sayar da manyan 'yan wasansa, ƙungiyar ta faɗi ƙasa, ƙuri'a ta ba ta zaɓen farko, ta ɗauki wani ɗan Rasha mai suna Alexander Ovechkin. A kakar 2007 zuwa 2008 ya zura 65, sabon koci Bruce Boudreau ya ɗauko ƙungiyar daga ƙasan tebur a watan Nuwamba ya kai ta saman rukuni a wasanta na ƙarshe. Daga nan shekara huɗu a jere rukunin nata ne. A 2010 ta tara maki 121, ta fi kowa a gasar gaba ɗaya, sai Montreal ta takwas ta fitar da ita a zagayen farko, mai tsaron raga Jaroslav Halak ya tare kusan duk abin da aka jefa masa. Masu suka suka ce ga shi nan, makin na bogi ne. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, domin mai tsaron raga da ya samu sa'a na iya karya kowace ƙungiya a cikin mako biyu. Sai dai gaskiya ne cewa a duk zamanta cikin rukunin Washington ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba.

Florida ba sai an tsaya a kanta ba. Ta je wasan ƙarshe a 1996, ta koma sabon fili a Sunrise a 1998, nesa da tsakiyar Miami, ta mallaki Pavel Bure wanda ya zura 58 da 59 a kakanni biyu a jere, sannan ta yi kaka goma cur ba ta tsallake ba. Sau biyu, a 2002 da 2003, zaɓen farko ya faɗo hannunta ta musanya shi. A 2006 ta sayar da mai tsaron raga Roberto Luongo ga Vancouver. Koci na zuwa koci na tafiya, shugabanci na sauya hannu.

Atlanta ce wurin da ya kamata a zauna, domin da ita ake kafa hujja duk lokacin da aka ce kudu ba ta son hoki. Birnin ya taɓa rasa ƙungiya: Flames ta zauna a can daga 1972 zuwa 1980 kafin ta koma Calgary. Thrashers ta shigo a hannun kamfanin Ted Turner, mutane kuma sun fito ƙwarai a shekarar farko duk da cewa wasa 14 kawai ta ci cikin 82. Ta yi kuskure a zaɓenta na farko, Patrik Stefan bai zama abin da aka zata ba, amma ta dace da Dany Heatley da Ilya Kovalchuk. A ƙarshen Satumban 2003 Heatley ya yi haɗari da mota, abokin wasansa Dan Snyder da ke tare da shi ya rasu bayan 'yan kwanaki. Heatley ya nemi a sauya masa gari, a 2005 aka musanya shi da Marian Hossa. A daidai wannan lokaci ƙungiyar ta koma hannun gungun 'yan kasuwa da ake kira Atlanta Spirit, waɗanda suka saye ta haɗe da ƙungiyar kwando ta Hawks da haƙƙin tafiyar da filin. Ba a daɗe ba suka ɓata a tsakaninsu, suka shiga kotu daga 2005 har 2010. Ƙungiyar da masu ita ke shari'a da juna ba ta da mai yanke mata shawara, ba ta kuma sayuwa cikin sauƙi. Sau ɗaya tak ta tsallake, a 2007, New York Rangers ta cinye ta huɗu ba ko ɗaya. Hossa ya tafi a 2008, Kovalchuk a 2010. Cikin kaka 11, mutanen Atlanta ba su taɓa ganin ƙungiyarsu ta ci wasa ko guda a zagayen neman kofi ba. Wane gari ne zai ci gaba da cika fili a kan haka? Ko a Kanada, ƙungiyoyi sun ga kujeru fayau a lokacin da suka daɗe suna faɗuwa.

Akwai wani abu da aka fara a kakarta ta ƙarshe wanda nake ganin an yi asararsa. Atlanta birni ne mai ɗimbin baƙaƙen fata, hoki kuma wasa ne da baƙar fata ba su da yawa a ciki. A kakar 2010 zuwa 2011 ƙungiyar na da Evander Kane da Dustin Byfuglien da Johnny Oduya da Anthony Stewart, adadin da ba kasafai ake gani a ƙungiya ɗaya ba. A cinikin da ya kawo Byfuglien daga Chicago har da Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta jihar Kogi ya girma a Yukiren da Kanada, ko da yake shi a ƙaramar ƙungiyarsu ya tsaya. Yaran birnin sun fara ganin masu kama da su a kan ƙanƙara, sai aka kwashe ƙungiyar.

Ranar 31 ga Mayun 2011 aka sanar da sayar da ita ga kamfanin True North na Winnipeg a kan dala miliyan 170, miliyan 60 daga ciki kuɗin ƙaura ne da ya shiga aljihun gasar. Dalar Kanada a lokacin ta kamo ta Amurka, Winnipeg ta gina sabon fili mai kujeru kusan 15,000, aka sa tikitin shekara 13,000 a kasuwa, wanda ya rage bayan na tsofaffin masu biya ya ƙare cikin mintuna. Abin lura shi ne a daidai wannan lokaci gasar da kanta ce ke riƙe da ƙungiyar Phoenix, wadda ta saya daga kotun fatara a 2009 don kada ta tashi. Bambancin shi ne fili. A Arizona ƙaramar hukumar Glendale na biya don a zauna. A Atlanta masu filin su ne masu son rabuwa da ƙungiyar, ba a kuma samu mai saye na cikin gari ba. Ƙungiyar da ba ta da iko da filinta haya take yi, kuɗin abinci da na ajiye mota da na ɗakunan manya na wani ne.

Cinikin ya zo a makare, ba lokacin sake fasali, shi ya sa Winnipeg ta gaji kujerar Atlanta. A Disamban 2011 masu ƙungiyoyi suka amince da sabon tsari, ƙungiyar 'yan wasa ta ƙi sa hannu, aka ƙara shekara guda a haka. Wannan shekarar ma ta zo da wata taƙaddamar albashi, aka buga wasa 48 kawai, duka a cikin ɓangare, ke nan Winnipeg ba ta kara da ko ɗaya daga maƙwabtanta na yamma ba. A Maris na 2013 aka daidaita: rukuni shida suka koma huɗu, aka kai Detroit da Columbus gabas, Winnipeg ta tafi yamma. Washington da Carolina suka shiga sabon rukunin Metropolitan, inda Washington ta sake haɗuwa da tsofaffin abokan hamayyarta. Tampa da Florida aka haɗa su da Boston da Montreal da Toronto da Detroit, tafiya mai nisa, amma akwai riba a ciki, domin dubban 'yan Kanada da 'yan arewacin Amurka na yin hunturu a Florida, kuma suna sayen tikiti idan ƙungiyar garinsu ta zo.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake cewa ba yanayi ne ya raunana rukunin ba, masu ƙungiyoyi ne. Jeff Vinik ya sayi Tampa a 2010, ya ɗauko Steve Yzerman ya danƙa masa ragamar zaɓen 'yan wasa, ya zuba kuɗi a fili da unguwar da ke kewaye da shi, ƙungiyar ta ci kofi a 2020 da 2021. Washington ta ci nata a 2018, Ovechkin kuma ya zarce tarihin ƙwallaye 894 na Gretzky a Afrilun 2025. Vincent Viola ya sayi Florida a 2013, watanni kaɗan bayan rushe rukunin, ya jure asarar shekaru, ya ɗauko Bill Zito a 2020 da Paul Maurice a 2022, ƙungiyar ta je wasan ƙarshe sau uku a jere ta ci na 2024 da 2025, duka a kan Edmonton. Carolina, bayan kaka tara ba ta tsallake ba, ta samu sabon mai gida a 2018, ta naɗa Brind'Amour koci, filinta ya sake cika.

Yanzu ƙorafin da ke fitowa daga arewa ya sauya salo. Ana cewa ƙungiyoyin Florida na da fifikon da bai dace ba, domin jihar ba ta karɓar harajin albashi, don haka ɗan wasa zai yarda da kwantiragi mai rahusa ya kuma tafi gida da kuɗi fiye da wanda ke Montreal ko Toronto, alhali iyakar albashin ɗaya ce ga kowa. Akwai gaskiya a lissafin, har wasu na neman a gyara dokar. Sai dai jihar Florida ba ta karɓar wannan haraji a 1998, ba ta karɓa a 2008, kuma a waɗancan shekaru manyan 'yan wasa neman hanyar barin Sunrise suke yi.